Kirdadon Baba a Kan Dallatu

Ku gyara zama, masu bin labarina. Wanda yau ya fara leƙowa, sunana Zulaihatu, a gida Zulai, 'yar Malam Lawan, daga wani ƙauye gabas da Zakirai inda gona ke manne da gona, sai layin gamba ne ke nuna maka inda ta wani ta ƙare. Na gama sakandare na zauna, ina ɗinkin hula, ina kuma son wani saurayi mai suna Dallatu. Na faɗi son nan a fili tun yanzu don kada ku ji ina ba da labari babu hawaye ku ɗauka ban damu ba. Haka Allah ya yi ni, in abu ya ci mini rai sai in yi sanyi.

Sai na fara gaya muku aikin Babana, in ba haka ba ba za ku gane inda muka dosa ba. Manomi ne kamar kowa, amma akwai abin da ake aikowa a kira shi dominsa. In shanu sun faɗa gonar wani sun yi ɓarna, mai unguwa ba ya yanke komai sai Baba ya je. Zai naɗe ƙafar wando, ya bi kunyoyin da suka tsira, ya murza zangarniya a tafin hannu, ya dubi kaurin kara. Sannan ya juya ya kalli inda aka cinye, inda babu komai sai sawun kofato, ya ce, "Nan da an bar shi, dami kaza zai yi." Da mai gona da mai shanu duk sai su amince. Wannan shi ake kira kirdado a gidanmu, kuma Baba ba ya yarda a haɗa masa shi da wata kalma.

"Kintace na mai rufe ido ne ya jefa," in ji shi. "Duba kuwa na boka ne, Allah ya tsare mu. Kirdado sai ka ga wani abu da idonka tukuna, sannan ka miƙa shi zuwa inda ido bai kai ba. Amma fa ba sani ba ne. Duk wanda ya ce maka kirdadonsa sani ne, tashi ka ba shi wuri."

Yana da doka guda da tun muna yara muke ji. Ba a yin kirdado daga bakin gona. Kunyar bakin hanya ita ke cin kashin jakuna, ita ke shan ruwan da ya gangaro, kullum ta fi 'yan'uwanta kyau. Sai an kutsa tsakiya.

To, shekarar da aka janye tallafin man fetur, wadda buhun taki ya zama abin kallo a kasuwa, a farkon daminar ne magabatan Dallatu suka zo neman izini. Baba ya karɓe su da mutunci, ya ce zai waiwaye su. Bayan sun tafi ya shigo ya zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Innata tana tankaɗe a bakin murhu. Gwaggo Maijidda, yayar Baba, ta zo tun hantsi da jan mayafinta na zuwa biki, wai wucewa take, amma har la'asar ba ta wuce ba. Ni kuwa ina ƙofar ɗaki da zare da allura, na sunkuyar da kai kamar ba da ni ake ba.

"Zulai, matso," in ji Baba.

Na matso na durƙusa.

"Yaron nan ba ni da abin da zan ce ya yi. Yana sallah, yana gaida mutane. Amma gidansu nake kallo. Yayyensa nawa?"

"Uku, Baba."

"Ina Sama'ilu?"

"Legas."

"Ɗan Iya fa?"

"Fatakwal."

"Muhammadu Sani?"

"An ce Abuja."

"An ce," in ji Gwaggo, ta gyara mayafi. "Ko inda yake ma an ce ne."

Baba bai kula ta ba. Ya ce kowanne cikinsu ya yi aure a garin nan, ya yi damina ɗaya ko biyu, ya hau motar cirani da sunan zai dawo kafin ruwan shuka. Matansu suna nan a gidan tsohuwa Kaltume, mahaifiyarsu, ba su da aure ba su da saki, sai ɗan aike in an tuna da su.

"Kunya uku na bi," in ji shi, "duk abu ɗaya na gani. Ta huɗun ba sai na taka ta ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Alhamdulillahi, Lawan, yau ka yi magana. Ga Nababa can a Ungogo da adaidaita sahunsa, ɗaki ciki da falo, da yamma yana gida. Yarinya ta tsaya tana jiran wanda ƙafarsa ɗaya tana mota tun kafin a haife shi."

Nababan nan sau biyu na taɓa ganinsa. Ba shi da laifi, turarensa ne kawai ke riga shi shigowa zaure.

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce, "Baba, in yi tambaya?"

"Yi."

"Ka ce ba a kirdado daga bakin gona. Su ukun nan daga nesa ka hange su. Shi Dallatun ka shiga tsakiyarsa?"

Rariya ta tsaya a hannun Inna. Gwaggo ta ce, "La ilaha illallahu! Boko ya gama da yaran nan." Baba kuwa ya daɗe yana kallona, ba fushi a fuskarsa. Ina jin abin ya ɗan yi masa daɗi ma, irin daɗin da malami ke ji in ɗalibi ya kama shi da karatunsa.

"Kin yi gaskiya," ya ce. "To ga yadda za a yi, Yaya Maijidda ke ce shaida. Gidansu da rani ake gane shi. In yaron nan ya girbe amfaninsa ya zauna a garin nan har ruwan shuka ya sauka, na ba shi ke. In ƙafarsa ta taka motar cirani, magana ta mutu, kuma ba na son in ƙara jin ta."

"Na shaida," in ji Gwaggo, da sauri kamar za a ƙwace.

Da yamma na karɓo wayata daga shagon caji na rubuta wa Dallatu duk yadda aka yi. Ba a jima ba ya amsa.

"Shi ke nan sharaɗin? In zauna a garinmu?"

"Shi ke nan."

"Malama Zulai, ko turke aka kafa mini ai zan zauna. Ki fara zaɓen kalar atamfa."

"Ban ce ina so ba tukuna."

"Hular da kike ɗinkawa ta wa ce?"

"Ta kasuwa ce."

"Kasuwar ta san girman kaina ke nan."

Na kashe wayar ina murmushi. Hular ruwan toka ce da zare shuɗi, kuma gaskiya ne, da igiya na auna tsohuwar hularsa ranar da ya manta ta a zaure.

Damina ta fara da kyau. Dallatu yakan zo zance da yamma ranar Juma'a, da farin yadinsa guda ɗaya da ya sha guga, hannunsa duk kanta. Ba ya daɗewa. Shi kaɗai ke noma gonar gidansu, kuma bakin da ke jiran gonar ba kaɗan ba ne: tsohuwa Kaltume, matan yayyensa uku, da 'ya'yansu da in sun fito wasa sai ka ɗauka makaranta aka tashi. Takin zamani bai samu saya ba. Ɗan na awaki da ya tara shi ya kwasa a jaki ya kai.

Wata rana muna dawowa daga kasuwar Zakirai ni da Inna muka bi ta gefen gonar tasu. Dawa ta yi baƙi ƙirin don kyau, ta fi tsayina, ganye yana sheƙi. Inna ta ce, "Tubarkalla." Ni kuwa a zuciyata har na cika rumbunsu na rufe, na ga ruwan shuka ya sauka, na ga kaina da lalle. Na ɗauki hoto na tura masa.

"Na ga gonarka. Gwaggo za ta sha kunya."

Can ya rubuto, "Ki dai taya mu da addu'a."

Na ɗauka kunya ce irin ta manomi, da ba ya son a yabi amfaninsa yana tsaye. Ku lura da kyau, ni 'yar Malam Lawan, da aka raine ni da dokar nan, daga kan hanya na tsaya na yi nawa kirdadon.

Sai ruwa ya ɗauke daidai lokacin da dawa ta yi ciki. Hadari ya haɗu da yamma, a kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa, aka yi sadakar gumba. Da ya dawo ya dawo a makare, ya yi yayyafi ya tafi. A gidanmu ma tuwo ya koma sau ɗaya, da safe sai kunu, Inna tana ƙara masa ruwa tana cewa ya fi daɗi a haka.

Ana saura kaɗan a fara girbi, da hantsi, na ji sallamar Dallatu a zaure, kuma ba ranar zuwansa ba ce. Ba ni ya nema ba, Baba ya nema. Na laɓe a bayan ƙyaure da tsintsiya a hannu.

"Baba, alfarma na zo nema," in ji shi. Daga muryarsa na san a durƙushe yake. "So nake ka zo ka dubar mini gonar nan. Ka gaya mini inda za ta kai mu."

"Shanu ne suka shiga?"

"A'a, Baba. Ni dai idona ya ƙi gaya mini gaskiya, don na san abin da nake so ya gani."

Baba ya gyara murya. Sannan ya ce, "Ka san in na je abin da na gani zan faɗa."

"Shi ya sa na zo gunka."

Suka tafi. Na share tsakar gida har inda ba ya buƙatar shara. Inna tana kallona, sai da na fara share gindin randa karo na biyu ta ce in ajiye tsintsiyar kada in ƙarar da ita.

Azahar ta yi kafin Baba ya dawo. Ƙafar wandonsa cike da ƙarangiya, a hannunsa zangarniya biyu. Ya zauna ya ajiye su a tabarma, ya kira ni. Ɗaya cike take, ido ya fito fal. Ɗayar ya murza ta a tafinsa ya hura, ƙaiƙayi ya tashi, 'yan ƙwayoyin da suka rage ba su rufe tsakiyar hannunsa ba.

"Wannan ta bakin hanya ce," ya nuna mai kyan. "Can ya juye ɗan takin da yake da shi, don can jaki ke tsayawa. Wannan kuwa ta tsakiya. Daga kunya ta biyar zuwa ƙarshen gonar ƙuduji, wuta-wutar nan mai shanye dawa, ya cinye ta, fari ya ƙarasa."

"Ina za ta kai su, Malam?" in ji Inna.

"In sun yi tattali, tsakiyar rani. Bazara ba za ta same su da ƙwaya a rumbu ba."

"Ka gaya masa haka?"

"Na gaya masa."

Inna ta sauke murya. "Da ka ɗan sassauta, Malam. Ka san abin da maganar nan za ta sa shi yi."

"Na sani, Fanta. In ce masa za ta isa, ya zauna saboda 'yata, bazara ta zo yaran gidan nan su kwana da yunwa? Da wane baki zan gaida Kaltume?" Ya juyo gare ni. "Kin ce in shiga tsakiya, na shiga. Yaron nan ya noma gonar nan shi kaɗai kamar mutum uku. Ban ga ciyawa ba. Kuma yau na gane abin da ban gane ba game da yayyensa. Ba hali ne ya kore su ba, Zulai, gonar ce. An raba ta an sake rabawa har ta kasa ɗaukar gidan."

Na ce, "To ai ka ga ba laifinsu ba ne, Baba. Sharaɗin…"

"Sharaɗin yana nan. Ban ce mugaye ne ba tun farko, cewa na yi suna tafiya ba sa dawowa. Dalilin ne ban sani ba, yanzu na sani, kuma dalilin bai gusa ba. Wanda ya tafi ya ga abin da yake aikowa shi ke riƙe da gida, yaushe zai dawo? Ba zan kai ki ki zama ta huɗu a tsakar gidan nan kina jiran waya ba." Ya kakkaɓe tafinsa. "Tun da nake aikin nan ban taɓa fatan kirdadona ya ƙi ci ba sai yau."

Na ɗauke zangarniyoyin na kai wa awaki. Mai kyan suka fara ci.

Aka yi girbi, ya fito yadda Baba ya faɗa. Dallatu ya ci gaba da zuwa ranar Juma'a, muna zama a zaure muna maganar komai ban da abin. Ya nemi aikin bulo a Zakirai, masu gini sun tsaya. Ya nemi lambu a fadama, kuɗin man injin ban-ruwa ya kori masu lambun kansu. Na lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gama hular ban ba shi ba, na sa ta a ƙasan akwati. Gwaggo kuwa ta dawo da wucewa ta ƙofar gidanmu, kowane zuwa da sabon labarin Ungogo, har da cewa Nababa ya sa tayil a ɗaki.

Yau da safe ina wanke-wanke a gindin darbejiya, da tsohon zanena na atamfa da ya koɗe, wayata ta yi ƙara a kan turmi. Na goge hannu a ɗankwali na duba, Dallatu ne.

"Zulai, ina tashar Zakirai. Akwai motar Legas da ake lodi. Sama'ilu ya ce akwai aikin dako a inda yake. Ban biya ba tukuna."

Kafin in amsa wani ya shigo.

"Jiya Inna Kaltume ta auna abin da ya rage a gabana. Ta ce kada in tafi saboda ita, ita ta tsufa. Amma ƙaramin ɗan Ɗan Iya ya tambaye ni ko yau ma kunu ne."

Sannan na uku.

"In kin ce in zauna, wallahi zan juyo yanzu. Ke 'yar mai kirdado ce. Ki duba mini. In na tafi zan dawo?"

Na zauna a bakin turmin. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in ce ya juyo. Na so ƙwarai. Kalma ɗaya ce, kafin azahar yana garin nan, ruwan shuka ya sauka, a ɗaura. Sai na ga kaina amarya a gidan da rumbunsa ya ƙare saboda ni, ina haɗa ido da matan nan uku da safe. Na kuma lissafa ɗaya ɓangaren yadda Baba ya koya mini: uku sun hau motar nan, kowanne da rantsuwarsa, kowanne akwai wadda ya ce wa zai dawo. Ban ga abin da ya bambanta Dallatu da su ba sai cewa shi nake so.

Na rubuta, "Ka biya ka hau."

"Kin san abin da Baba ya ce."

"Ina wurin aka faɗa."

"To ke fa?"

"Akwai hularka a akwatina. Ba zan aiko da ita ba. Mai ita zai zo ya karɓa."

Na ɗaga kai na ga Baba tsaye a bakin zaure da buta a hannu. Ban san tun yaushe yake nan ba.

"Yaron ne?"

"Shi ne. Yana tasha."

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya tafi."

Ya ajiye butar a hankali. "Allah ya yi miki albarka. Kin san magana ta mutu ke nan."

"A wurinka, Baba. Ni zan jira shi."

"Zulai." Ya matso ya tsuguna a gabana, abin da bai taɓa yi ba. "Ni uku na gani na yi nawa. Ke nawa kika gani suka dawo?"

"Ko ɗaya."

"To a kan me kika tsaya? Wannan ai ba kirdado ba ne."

"Na sani," na ce. "Ban ce shi ne ba."

Wayar ta sake ƙara a cinyata. "Mun tashi," Dallatu ya rubuto. Ban kai ga amsawa ba na ji ƙarar adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar gida, na ji muryar Gwaggo tana rangaɗa sallama tana cewa a shimfiɗa tabarma a zaure, baƙi ne daga Ungogo. Ashe wani ya ga Dallatu a tasha tun da sassafe, labari ya riga motar barin gari.

Baba ya dubi zaure, ya dube ni. Turaren Nababa ya riga ya shigo.

"Ki sa hijabinki," ya ce a hankali.

Na ja kwanon wanke-wanke gabana, na tsoma hannu biyu a ruwan.

"Ban gama ba, Baba."